Damuwar mai juna biyu da makomar haihuwa: Abin da binciken Amurka ke koya wa ƙauyukan Kwali

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira 20 zai ga hoton wata mata ta duƙufa tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan da ta rasu a 1984, wadda ta fito da sunan garinsu a idon duniya. Garin nata, Kwali, shi ne hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, yana kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Abaji.

An san matan Gbagyi, 'yan ƙabilar Ladi, da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Har yau akan gan su a hanyoyin gona da ƙwarya cike da doya ko itace a doron kafaɗa, kuma a cikinsu ba a rasa masu juna biyu. Wannan kaya ne da ido ke gani. Akwai kuma wanda ba a gani, wanda mai ciki ke kwana da shi ta tashi da shi: tunanin abin da za a ɗora a tukunya gobe, kuɗin mota zuwa asibiti, tsoron dare, rikicin gida, da fargabar irin karɓar da za a yi mata idan ta isa ɗakin haihuwa.

Fiye da shekara 30 ke nan masana kiwon lafiya suna binciken yadda irin wannan nauyi ke shafar ciki. Mafi yawan hujjojin sun fito ne daga Amurka, inda aka daɗe ana neman dalilin da ya sa mata baƙar fata da jariransu suka fi takwarorinsu farar fata shiga haɗari a lokacin haihuwa. Amsar da aka samu a can ta shafi Najeriya kai tsaye, duk da cewa a nan ba launin fata ne ya raba matan ba.

Tazarar da ilimi da dukiya suka kasa rufewa

Alƙaluman Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, na shekarar 2023 sun nuna cewa a cikin kowace haihuwa 100,000, mata baƙar fata kimanin 50 ne suka rasu sanadiyyar ciki ko haihuwa, alhali a tsakanin farar fata adadin bai kai 15 ba. Ninki uku ke nan da ɗoriya. Haka abin yake ta fuskar haihuwar bakwaini, wato haihuwa kafin ciki ya cika mako 37: a 2022, kusan kashi 15 cikin 100 na jariran mata baƙar fata sun zo kafin lokaci, yayin da na farar fata ba su kai kashi 10 ba. A Birtaniya ma, inda asibitin gwamnati kyauta ne ga kowa, rahotannin binciken mace-macen masu haihuwa na shekarun nan sun sha nuna cewa haɗarin mace baƙar fata ya ninka na farar fata kusan sau uku zuwa huɗu.

Da farko an ɗora laifin a kan talauci da ƙarancin ilimi. Sai dai wani rahoto da CDC ta fitar a 2019 ya nuna cewa ko a tsakanin matan da suka kammala jami'a, haɗarin mutuwar baƙar fata ya ninka na farar fata kusan sau biyar.

Labarin wasu mata biyu ya sa Amurkawa da dama suka farga da lamarin. Dokta Shalon Irving ƙwararriya ce a fannin binciken cututtuka a ita kanta CDC. Ta rasu a watan Janairun 2017, mako uku bayan ta haihu, sakamakon matsalar hawan jini, bayan ta yi ta komawa wurin ma'aikatan lafiya tana cewa jikinta ba daidai yake ba. A watan Satumban wannan shekara, fitacciyar 'yar wasan tanis Serena Williams ta haihu ta hanyar tiyata. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa, ta nemi a ɗauki hoton huhunta domin ta san tana da matsalar daskarewar jini, amma ba a yi saurin ɗaukar maganarta ba. Da aka ɗauki hoton, sai ga gudajin jini a huhun.

Ko gado ne?

Wasu sun zaci abin a jini yake, wato halittar baƙar fata ce ta zo da haka. Likitocin yara biyu a birnin Chicago, Richard David da James Collins, sun gwada wannan zato ta hanyar nazarin takardun haihuwa na jihar Illinois daga 1980 zuwa 1995, suka wallafa sakamakon a 1997. Sun kasa matan gida uku: farar fata haifaffun Amurka, baƙar fata haifaffun Amurka, da baƙar fata da aka haifa a Afirka suka yi ƙaura zuwa can.

Da a jini abin yake, da jariran matan da suka zo daga Afirka ne za su fi kowa ƙanƙanta, ko aƙalla su yi daidai da na 'yan uwansu haifaffun Amurka. Ba haka aka gani ba. Matsakaicin nauyin jariran farar fata ya kai giram 3,446, na matan Afirka giram 3,333, na baƙar fata haifaffun Amurka kuwa giram 3,089. Wato jaririn matar da ta taso a Afirka ya fi kusa da na Baturiya. Wani bincike da masanan suka biyo baya da shi ya nuna cewa 'ya'ya matan waɗannan baƙi, da suka girma a Amurka, idan suka zo haihuwa nauyin jariransu yakan fara raguwa. Ruwa ba ya tsami banza: wani abu ne a cikin zaman ƙasar ke taɓa jikin mace.

Wasu abubuwa biyu da suka faru sun ƙara fito da hakan fili. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, lokacin da tsangwamar Larabawa da Musulmi ta ƙaru, Diane Lauderdale ta Jami'ar Chicago ta duba takardun haihuwa na jihar Kalifoniya. Ta gano cewa a watanni shida bayan harin, matan da ke da sunayen Larabci sun fi haifar bakwaini da jarirai marasa nauyi idan aka kwatanta da irin waɗannan watanni a shekarar da ta gabata, kuma ba a ga wannan canji a sauran mata ba. Sannan a watan Mayun 2008 jami'an shige da fice sun kai samame wata masana'antar nama a garin Postville na jihar Iowa, suka kama ma'aikata kusan 400, galibinsu 'yan asalin Latin Amurka. A watannin da suka biyo baya, haɗarin haihuwar jariri maras nauyi ya ƙaru da kashi 24 cikin 100 a tsakanin matan wannan al'umma a faɗin jihar, har da waɗanda haifaffun Amurka ne kuma babu wanda zai kore su. Tsoro kaɗai ya isa ya bar alama a jikin jarirai.

Zaizayar jiki

Masaniyar da ta fara ba wannan al'amari suna ita ce Farfesa Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan, a 1992. Ta kwatanta shi da yadda ruwa da iska ke cin dutse ko katanga a hankali. A Hausance ana iya kiran sa zaizayar jiki, kamar yadda ake cewa zaizayar ƙasa. Ruwan sama ɗaya ba ya haƙa kwazazzabo, amma damina bayan damina sai a wayi gari gona ta tsage.

Ma'anar ita ce macen da ta shafe shekaru tana fama da wulaƙanci, rashin tabbas, aiki ba hutu da zaman ɗar-ɗar, jikinta yakan riga shekarunta tsufa. Hawan jini da ciwon suga sukan kama ta da wuri, don haka takan shiga ciki da jikin da ya riga ya gaji. Saboda haka kulawar wata tara kaɗai ba ta isa ta goge abin da shekara 20 suka rubuta ba.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa takan aika saƙo ga wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya ƙaru a jini, jiki ya shirya gudu ko faɗa. Wannan tsari ne na ceton rai, kuma da zarar haɗari ya wuce komai yakan koma daidai. Matsalar takan taso ne idan haɗarin ya ƙi wucewa, jiki ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana wata da watanni.

Ga mai juna biyu, masana sun bayyana hanyoyi huɗu da hakan ke bi ya kai ga ɗan tayi. Ta farko ta shafi mabiyiya. A cikinta akwai wani sinadari da ke kashe kaifin mafi yawan kotisol ɗin uwa kafin ya isa ga jariri, amma doguwar damuwa da rashin abinci mai gina jiki suna iya raunana wannan kariya. Haka kuma mabiyiya tana samar da wani sinadari mai suna CRH, wanda ke ƙaruwa yayin da ciki ke tsufa. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1995 cewa yana aiki kamar agogon da ke ƙidaya lokacin naƙuda, kuma a jikin matan da suka haihu kafin lokaci yakan yi saurin hawa. Kotisol na daga cikin abubuwan da ke zaburar da shi.

Ta biyu, sinadaran firgici suna tsuke jijiyoyin jini, har da waɗanda ke kai jini mahaifa, abin da kan rage abinci da iskar da jariri ke samu, ya zo da nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba. Ta uku, damuwa mai tsawo tana dagula garkuwar jiki, ta buɗe ƙofa ga cututtukan sanyi na al'aura, waɗanda ke da alaƙa da fashewar faya kafin lokaci. Ta huɗu kuwa ta ɗabi'a ce: macen da hankalinta ba a kwance yake ba barcinta yakan ragu, abinci ya fita ranta, ta manta da shan magani, ta tsallake ranar awo.

Ya kamata a fahimci iyakar wannan bayani. Ɗan tunani da fargabar da kowace mai ciki ke yi ba su ne abin tsoro ba, kuma mafi yawan matan da ke cikin damuwa suna sauka lafiya. Abin da bincike ya nuna shi ne damuwa mai tsanani da daɗewa tana ƙara yiwuwar matsala, musamman idan ta haɗu da ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Ba hujja ba ce ta ɗora wa uwa laifin ɓari ko bakwaini.

Inda tazarar Najeriya take

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa mata kimanin 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato 993 cikin kowace haihuwa 100,000. Wannan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan mace-mace a duniya baki ɗaya, kuma ya ninka haɗarin baƙar fatar Amurka kusan sau 20. Najeriya kuma tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan haihuwar bakwaini.

Manyan abubuwan da ke kashe matan sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, hawan jini da jijjiga, shigar ƙwayoyin cuta, doguwar naƙuda, da zubar da ciki ta hanya mai haɗari. Maganinsu jini ne a ma'ajiya, da allurai, da ƙwararrun ungozomomi, da ɗakin tiyata mai wuta. Kwanciyar hankali ba za ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma darasin Amurka yana nan daram: haɗarin ba ya faɗa wa mata bai ɗaya, yana bin sawun matsayinsu a cikin al'umma.

Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na haihuwar birane a asibiti aka yi su, a karkara kuwa kashi 26 ne kacal. A shiyyar Kudu maso Gabas, fiye da haihuwa takwas cikin goma a asibiti ake yin su, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai biyu cikin goma ba. Binciken ya kuma gano cewa kusan mata shida cikin kowane goma masu juna biyu suna da ƙarancin jini.

Wannan ba sabon labari ba ne a Arewa. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, aka wallafa sakamakon a 1985. Mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Haɗarin ya fi tsanani ga 'yan mata masu ƙananan shekaru, da matan da suka yi haihuwa da yawa, da waɗanda ba su yi makaranta ba. Harrison ya kammala da cewa ilimi ga kowa na daga cikin manyan magungunan mutuwar masu haihuwa. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, amma makoma daban-daban, gwargwadon rayuwar da kowace mace ta fito daga cikinta.

Birni ɗaya, rayuwa biyu

Babban Birnin Tarayya ya tattara wannan tazara a wuri guda. A tsakiyar birnin akwai Asibitin Ƙasa, da asibitocin gundumomin Maitama, Asokoro da Wuse, da ɗimbin asibitoci masu zaman kansu. Tafiyar awa ɗaya ko fiye a mota kuma sai ga Ƙaramar Hukumar Kwali, wadda aka ƙirƙira a 1996, mai mazaɓu irin su Yebu, Ashara, Dafa, Gumbo, Kilankwa, Kundu, Pai, Wako da Yangoji. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 85,000, kuma galibinsu manoma ne: Gbagyi, Bassa, Ganagana, Hausawa, Fulani da sauransu.

Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya da ke zaune a cikin birni tana da hutun haihuwa na mako 16, kuma tun 2021 aka amince wa mijinta, idan shi ma ma'aikaci ne, hutun kwana 14. Macen da ke noma doya ko sayar da itace a ƙauye ba ta da ranar hutu, domin ranar da ba ta fita ba, ranar ce za a ji a tukunya. Takan yi aiki har zuwa jajibirin naƙuda.

Idan matsala ta taso, hanyarta takan fara ne daga cibiyar lafiya ta matakin farko, zuwa Babban Asibitin Kwali, sannan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada idan abin ya fi ƙarfinsu. Masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri iri uku ne ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da fuskarsa a karkarar Abuja. Maigida ya yi tafiya, babu wanda zai ba da izini ko kuɗi. Damina ta lalata hanya, babur ne kaɗai ke iya bi. Kuɗin sufuri ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga kuma rahotannin garkuwa da mutane da aka sha samu a shekarun nan a wasu ƙauyukan Kwali, Kuje, Bwari da Abaji, waɗanda suka sa fita da dare ta zama abin tunani.

Mai ciki ta san duk waɗannan tun kafin ranar ta zo. Ta ga yadda ta kasance da maƙwabciyarta, ta ji labarin 'yar uwarta. Ta haka ne abu ɗaya ke cutar da ita sau biyu: yana hana ta barci tsawon watanni, sannan ya tsare mata hanya a daren naƙuda.

Damuwar da ke cikin ɗaki

Ba duk nauyin ne ke zuwa daga waje ba. Binciken 2018 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi daga miji, ko duka, ko tilastawa, ko muzantawa da baki. Ga zaman kishi, da matsin lambar haihuwar ɗa namiji, da ciki a kan goyo, da raɗaɗin ɓari ko rasuwar jaririn baya da ba a ba uwa damar yin jimaminsa ba.

A cewar WHO, a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu juna biyu, da kusan kashi 20 na masu jego, suna fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Kaɗan ne daga cikinsu ake ganowa. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ana yaba wa mace da kunya da dauriya, musamman a cikin fari, har ana ganin abin alfahari ne ta haihu ba a ji muryarta ba. Wadda ta taso a haka ba ta cika cewa tana cikin damuwa ba. Sai dai ta ce kanta na ciwo, ko zuciyarta na bugawa, ko jikinta ya mutu, a ba ta maganin zazzaɓi ta koma gida.

Karɓar da ake yi wa mace a asibiti

Abin da ya faru da Shalon Irving da Serena Williams, wato mace ta yi magana a ƙi saurare, yana da takwaransa a nan. Wani bincike da WHO ta jagoranta a Najeriya, Ghana, Gini da Myanmar, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka haihu a asibitocin da aka duba sun gamu da wulaƙanci, kama daga tsawa da zagi har zuwa mari, ko yi musu aiki ba tare da neman yardarsu ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu ƙananan shekaru da marasa ilimin boko.

Ma'aikatan lafiya su ma suna aiki cikin matsi, ungozoma ɗaya a kan mata da yawa, wani lokaci ba wuta ba ruwa. Duk da haka sakamakon a kan mai haihuwa yake ƙarewa. Macen da ba ta jin Turanci, wadda watakila Gbagyi ko Fulatanci kaɗai take ji sosai, idan aka yi mata tsawa sau ɗaya a gaban jama'a, da wuya ta dawo, kuma za ta gaya wa goma.

Yadda za a rage nauyin

A matakin gwamnati akwai matakan da aka riga aka ɗauka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. A watan Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi da ke buƙatarta. Amfanin irin waɗannan tsare-tsare ya wuce ranar haihuwa, domin macen da ta tabbata ba za a tsare ta a kan kuɗi ba ta rage abin da ke hana ta barci. Sharaɗin shi ne labarin ya isa ƙauye cikin harshen da take ji, kuma ta tarar da alkawarin a asibiti.

Kula da damuwar masu ciki ba sai da likitan ƙwaƙwalwa ba. A yankin Rawalpindi na Pakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa zama da masu ciki suna tattaunawa da su bisa wani tsari, kuma sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna ciwon damuwa ya ragu da fiye da rabi. WHO ta mayar da tsarin littafin jagora a 2015. A jihar Oyo, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada makamancin haka a cibiyoyin lafiya na matakin farko, inda mafi yawan matan da aka kula da su suka warware cikin watanni shida bayan haihuwa. Tun 2016 WHO ke ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma kowace ganawa dama ce ta auna jini, a kuma tambaye ta yadda take barci da halin da gida ke ciki. Hukumar ta kuma ba da shawarar a bar mai naƙuda ta kasance tare da wanda ta zaɓa, uwa ko 'yar uwa ko miji, domin an ga hakan yana sauƙaƙa haihuwa.

A cikin gida ma akwai abin yi, kuma al'ada ba ta bar mutane hannu rabbana ba. Goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gaban iyayenta idan ciki ya tsufa, da hutun kwana 40 na jego, hanyoyi ne da magabata suka bi don sauke wa mace aiki su kewaye ta da masu tausaya mata. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa wannan gata da awo da haihuwa a hannun ƙwararru. Maigida na iya ɗauke mata ɗiban ruwa da itace, ya ware kuɗin haihuwa tun ciki yana ƙarami, ya shirya da mai mota ko mai babur, ya kuma bar izini a buɗe ko ba ya gari. Shugabannin al'umma da ƙungiyoyin direbobi na iya tsara motar gaggawa ta unguwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma alamomin da bai kamata a danganta su da damuwa ko gajiya a zauna a gida ba: zubar jini, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, sarƙewar numfashi, ko jariri ya rage motsi. Duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu, a lokacin ciki ko a makonni shida bayan haihuwa, asibiti za a nufa da ita nan take. Haka ma wadda baƙin ciki ya ƙi sakinta har mako biyu, ko take tunanin cutar da kanta ko jaririnta.

Hausawa kan ce kabarin mai jego a buɗe yake har sai ta yi arba'in. Binciken Zariya da na Illinois sun nuna cewa ba kowace mace ce ke tsaye a bakinsa daidai da 'yar uwarta ba, kuma abin da ke matsar da wata kusa ya haɗa da nisan hanya, da kuɗin mota, da zaman gida, da irin amsar da take samu idan ta ce ba ta jin daɗi. Waɗannan duka abubuwa ne da gwamnati, da ma'aikatan lafiya, da magidanta a Kwali da sauran sassan ƙasar nan ke da ikon gyarawa.